Kundin Aikin Bincikena a Bakin Kwara: Kifi, Idon Raga da Neman Ayu a Yawuri

4 ga Oktoba

Yau malamin da ke duba aikina ya sa hannu a kan batun binciken kammala digirina, bayan ya mayar mini da takardar har sau biyu. Da farko na rubuta cewa zan yi nazarin dukkan halittun ruwa da namun dajin da ke Tafkin Kainji, sai ya ce wannan aikin shekara goma ne na cibiya guda, ba na ɗalibin aji biyar mai wata biyar a hannu ba. Abin da muka tsaya a kai shi ne in zaɓi mashigar jirage uku a kusa da Yelwa, babban garin Yawuri, in riƙa auna tsawo da nauyin kifin da masunta ke fitowa da shi, in duba ko ya isa haihuwa kafin a kama shi, sannan in tattara duk wata shaidar da ke nuna cewa har yanzu akwai ayu a wannan yanki.

A cikin darussan da muka ɗauka na kare halittun teku da namun daji, kusan duk misalan daga nesa suke zuwa, alhali ni ban taɓa ganin teku da idona ba. Amma Kwara da na tashi ina wanka a cikinta ta taso ne daga tsaunukan Gini, ta ratsa Mali da Nijar, ta shafe kusan kilomita 4,180 kafin ta zuba a Tekun Atilantika, don haka na yanke shawarar fara koyon teku daga inda ruwansa ya bi ta ƙofar gidan kakannina.

11 ga Oktoba

Na haɗa kayan aiki. Kafinta ya yi mini allon awo mai tsawon mita ɗaya a kan naira 4,500, na manna masa tef ɗin tela. Ƙaramin sikeli mai batir ya ci naira 13,000, ma'aunin zafin ruwa 3,500, robobi masu murfi guda goma 6,000, littafi mai kauri da biro 1,800. Rigar kariya daga nutsewa ta ci 15,000, ita ce mafi tsada a cikinsu, kuma ban yi ciniki a kanta ba, domin duk ɗan wannan yanki yana tune da haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayukan mutane masu yawa. Na yanko faifai mai faɗin santimita 20 daga murfin bokiti, na shafa masa fenti baƙi da fari, na ɗaure shi da igiya mai ƙulli a kowane santimita 10, domin auna yadda haske ke ratsa ruwa. Sashenmu ya ba ni lita ɗaya ta fomalin, maganin da ake adana samfuri a ciki don kada ya ruɓe. Jimillar abin da na kashe ita ce 43,800.

19 ga Oktoba

Na iso Yelwa da la'asar, kuɗin mota 8,000. Ruwa ya cika maƙil, ya yi fari saboda laka, ya shiga gonakin shinkafar fadama. Wannan shi ne farin ruwa, wanda ruwan saman daminar ƙasarmu ke kawowa ta Gulbin Kabi da sauran ƙananan koguna. Na sauka a gidan kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana su. Da dare ya kai ni gaisuwa wurin Sarkin Ruwan garinsu, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, karatu ya kawo ni, ina neman izinin zama a bakin ruwa in auna kifi." Ya saurare ni har na gama, ya sa mini albarka, ya ce in je gobe da asuba.

22 ga Oktoba

Kwana uku ke nan ban auna ko kifi ɗaya ba, kuma kuskuren daga gare ni ya fito. A rana ta farko na je bakin ruwa sanye da rigar kariya mai ruwan lemo, da littafi a hammata, da tef a wuya, kuma kafin in gaisa da kowa yadda ya kamata na tsuguna na kama wata raga da aka shanya na fara auna idonta. Kafin in ɗago, mai ragar ya zo ya naɗe abarsa bai ce mini uffan ba. Daga nan duk jirgin da ya hango ni sai ya karkata ya sauka can gaba, 'yan kasuwa mata kuwa suka riƙa rufe kwandunansu da buhu.

Sai da dare kawu ya fayyace mini. Mutanen nan sun sha ganin masu littafi da tef, kuma a tunaninsu duk wanda ya auna idon raga to rahoto zai kai a zo a ƙwace ta. Dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 ta hana ragar da idonta ya yi ƙanƙanta, kuma a shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus a kan kifin Kainji, an yi ta fama da masu dala, wato babbar ragar nan mai ƙananan ido da ake ja zuwa gaɓa. Dattawa ba su manta da wannan zamani ba. Kawu ya ce, "Ɗana, raga ita ce gonar masunci. Wa ka taɓa gani ya shiga gonar mutum ya fara awo bai yi sallama ba?" Ban sami abin cewa ba, domin a aji an koya mana yadda ake auna idon raga daga ƙulli zuwa ƙulli, amma babu wanda ya tsaya a kan yadda ake neman yardar mai ita, ni kuma da na tashi a nan bai kamata in jira a koya mini ba.

26 ga Oktoba

Na ajiye littafi da tef a gida. Ina taya kawu da yaransa kwashe ruwa daga jirgi da tsince raga, ina zama a rumfar masu banda ina sauraro.

2 ga Nuwamba

Bayan sallar Juma'ar da ta wuce Sarkin Ruwa ya yi wa jama'a bayani da bakinsa cewa ni jikan gari ne, ba ma'aikacin hukuma ba, kuma na yi alkawari a gabansu cewa ba zan rubuta sunan kowa ko alamar jirginsa ba. Yau masunta huɗu suka bar ni na auna kamunsu. Na sami kifi 61: karfasa ce ta fi yawa, sai ƙurungu, tarwaɗa, ƙawara, da ƙaramin giwan ruwa guda ɗaya da bai kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa ba. Wannan kifi ne da kan haura kilo 100 idan ya samu shekaru, shi ne kuma abin alfaharin bikin kamun kifi na Argungu, amma ga shi a kan allona yana jariri.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata karfasa da na buɗe bakinta na tarar da ƙwai cike a ciki. Mun karanta cewa macen wannan jinsi tana ɗaukar ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci a tsawon wannan lokaci, kuma ko bayan 'ya'yan sun fito sukan koma bakinta idan sun ji tsoro. Karantawa daban ne da riƙe ta a hannu. Wani dattijo da ke kallona ya ce, "Mai goyo ce, da can mayar da irinta muke yi." Na tambaye shi abin da ya hana yanzu, ya yi shiru ya ci gaba da ɗinkin ragarsa.

9 ga Nuwamba

Awo na tafiya daidai a mashiga biyu. Faifan haske yana ɓacewa daga ido kafin ƙulli na uku. Na kashe 2,500 wajen sayen kifin da zan farke cikinsa, domin ba zai yiwu in ɓata wa mutum kayan sayarwa ba.

16 ga Nuwamba

Sikeli ya mutu. Na ajiye shi a ƙasan jirgi lokacin da muke tsallakawa zuwa mashiga ta uku, igiyar ruwan wani jirgi mai inji ta watso ciki, ya jiƙe. Na cire batir na shanya shi kwana biyu, ya kunnu amma lambobinsa suna yawo, dutse ɗaya sai ya nuna nauyi uku. Mai gyaran waya a kasuwa ya karɓi 1,500 bai iya komai ba. Na sayi sikeli mai ƙugiya irin na masu sayar da nama a kan 5,000, sai dai ba ya gane abin da bai kai giram 50 ba, alhali yawancin kifin da nake damuwa da su ƙanana ne. Na kira malam, ya ce in ci gaba da auna tsawo ga kowane kifi, in haɗa ƙananan goma-goma in auna nauyinsu tare, kuma in rubuta ranar da na sauya sikeli domin kada in gauraya lissafin biyu.

25 ga Nuwamba

Na koma makaranta domin gwajin darasin kula da albarkatun teku. Tambaya mafi maki ta fito ne a kan rushewar kamun wani kifin teku da ake kira kod a gabashin Kanada, inda gwamnati ta hana kamunsa a 1992 bayan ɗaruruwan shekaru ana cin arzikinsa, mutane kusan 30,000 suka rasa sana'a. Abin da malamar ta nanata shi ne cewa ƙananan masuntan bakin gaɓa sun riga masana lura da cewa kifin yana ƙanƙancewa, sun kuma yi magana, amma aka fi amincewa da lissafin manyan jiragen da ke bin ragowar garken da na'ura. Ina rubuta amsa ina ganin fuskar dattijon nan mai ɗinkin raga. A ganina darasin teku bai yi nisa da Yawuri ba ko kaɗan: ƙanƙancewar kifin da ake kamawa ita ce alamar farko, ko a ruwan gishiri ko a ruwan daɗi.

An ɗage tafiyar da ajinmu zai yi zuwa Legas domin ganin cibiyar binciken teku ta ƙasa da dazuzzukan bakin gaɓa, saboda kuɗin mota ya fi ƙarfin yawancinmu. Na ji zafin wannan ƙwarai.

6 ga Disamba

Wannan ita ce asara mafi girma tun da na fara. Na adana samfurin kifi 38 a robobi takwas domin tantance jinsinsu da matakin ƙwansu a ɗakin gwaji. Na haɗa fomalin yadda aka koya mana, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, kuma bayan mako guda na mayar da wasu cikin sifirit. Amma takardun shaidar da na jefa cikin kowace roba, masu ɗauke da rana da mashiga da irin raga, da biro na rubuta su. Yau da na buɗe sai na tarar tawadar ta narke, takardun sun koma shuɗi babu harafi ɗaya da ake karantawa. Bugu da ƙari, manyan tarwaɗa biyu sun ruɓe daga ciki, domin ban tsaga cikinsu ba kafin in tsoma su, maganin bai ratsa hanji ba.

Ma'aikacin ɗakin gwajin, wani dattijo mai haƙuri, ya duba ya ce, "Ɗalibi, fensir ake amfani da shi, shi ba ya narkewa." Na zauna da littafina na yi ƙoƙarin gano kowane kifi ta hanyar sake auna tsawonsa in daidaita da abin da na rubuta a bakin ruwa. Na iya tabbatar da 14. Sauran zan iya amfani da su wajen sanin jinsi kawai, ba zan iya cewa ga inda aka kama su ko da wace raga ba, kuma na ƙudurta ba zan cike gurbin da zato ba ko da babin sakamakona zai rame. Kuɗin kifin da ya tafi a banza ya kai 9,000, ban da wata guda na sammako.

15 ga Disamba

Na dawo Yelwa. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana huɗu, magani 4,200. Hunturu ya sauka, hazo ya rufe tsallaken kogi.

28 ga Disamba

Na sake tara samfuri 20, da shaidar fensir ciki da wajen roba. Yanzu masunta da kansu suke miƙo mini raga in auna. Su da yatsa suke lissafin ido, mai yatsa biyu, mai yatsa uku, kuma mafi yawan waɗanda na gani a mashigar farko masu yatsa biyu ne. Na ga yara suna jan gidan sauro a bakin ciyawa suna kwasar 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba.

Daren jiya na zauna da kawu na nuna masa zanen da na yi, inda tsawon yawancin karfasar da na auna ya taru a ɓangaren ƙanana, kuma da yawa daga waɗanda na farke ba su taɓa yin ƙwai ba. Na ɗauka labari nake ba shi. Ya dubi takardar ya ce, "Wannan ai mun riga ka sani. Tambaye ni dalili." Sai ya warware mini yadda abin yake. Masunci ba ya da kuɗin sayen raga da man inji, don haka dillali ne ke ba shi bashi, da sharaɗin kifin da ya kamo nasa ne a farashin da ya yanka. Wanda ake bi bashi ba zai iya dawowa da jirgi wayam ba. Idan ya sa raga mai babban ido zai iya kwana uku bai kama komai ba, domin manyan sun yi ƙaranci, idan kuwa ya sa mai ƙaramin ido ba zai rasa na cefane da na biyan dillali ba. Kuma ko shi ya haƙura ya bar ƙananan, na bayansa zai kwashe su kafin rana ta yi tsaka.

Na tambaye shi game da masu zuba gamalin a ruwa, maganin ƙwarin nan da ke kashe babba da ƙarami ya kuma bar guba a jikin mai ci. Ya ce wannan kam ko a tsakaninsu abin kunya ne, kuma Sarkin Ruwa yana hukunta wanda aka kama. Daga nan na fahimci cewa akwai dokar da mutanen nan suke bi ba tare da ɗan sanda ba, wato wadda ta fito daga cikinsu. Misalinta mafi shahara yana nan cikin jiharmu: ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar bikin Argungu, bikin da ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016. Hutun da ruwan ke samu shi ne ke sa a fito da manyan kifi a wannan rana. A littattafanmu ana kiran irin wannan keɓaɓɓen wurin kariya, ana kawo misalinsa daga tekunan Ostireliya, alhali Kabawa sun daɗe suna yin sa.

9 ga Janairu

Mun fita neman ayu, ni da kawu da wani tsohon mafarauci Basarke da ya daina harkar. Hayar jirgi da mai 22,000, wanda shi ne kashi mafi nauyi a kasafina. Mun tashi kafin asuba muka nufi wani lungu mai yawan ciyawar burgu, muka kashe inji muka koma sanda da filafili, domin a cewarsa ayu yana da kunne fiye da ido.

Ayu dabba ce mai shayarwa, ba kifi ba, tana cin ciyawa, tana ɗago hanci ta shaƙi iska ta koma. Macen tana ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, sannan ta yi shekaru kafin ta sake, shi ya sa kashe uwa ɗaya ba ƙaramar asara ba ce. Tana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, ta haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. Irinta ɗaya ce da wadda ke bakin teku daga Sanigal zuwa Angola, amma tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka kuma ƙara ta Jabba daga baya, na sama sun rabu da na ƙasa. Ana farautarta saboda nama da kuma manta, wanda masu magani ke saye da tsada.

Mun yi awa shida ba mu gan ta ba. Amma tsohon ya tsayar da jirgi a wani wuri ya nuna mini burgu da aka ciccije daga ƙarƙashi, saiwoyi suna yawo a saman ruwa, ya ce, "Yaro, dorina daga tudu take kiwo, shanu ba sa zuwa nan, wannan cin ayu ne, kuma bai kwana biyu ba." Na ɗauki hoto, na rubuta wurin a wayata. A hanyar dawowa muka hango kawunan dorina uku, muka yi nesa da su sosai. Na tambaye shi abin da ya sa ya ajiye zagonsa, ya ce wadda ya soka ta ƙarshe tana da ɗa, kuma ɗan ya yi ta zagaya jirginsa har gari ya waye.

Na yanke shawarar ba zan sa ainihin wurin a cikin kundin da za a ajiye a laburare ba. Zan ba malam shi kaɗai.

18 ga Janairu

Baƙin ruwa ya iso sosai. Wannan ruwan damina ne da ya sauka a Gini watanni da suka wuce, ya bazu a fadamun Mali ya zubar da lakarsa, sai yanzu ya kawo mana. Faifan haske da ke ɓacewa kafin ƙulli na uku a Nuwamba, yau sai da ya wuce na bakwai. Masunta sun ce idan ruwa ya washe kifi yana ganin raga, don haka sun fi komawa ga mamari, wato igiya mai ƙugiyoyi da yawa, da gura, wato tarkon kifi.

30 ga Janairu

Na yi kwana biyu a Sabuwar Busa, a laburaren cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, inda na karanta tsofaffin rahotanni a kan tafkin domin in kwatanta da awona. Mota da masauki da kwafin takardu 19,500. Abin da na kashe tun farko ya kai 115,500, ban da abincin da gidan kawu ke ba ni.

12 ga Fabrairu

Na kai wa malam abin da na tara: awon kifi 742 daga mashiga uku, samfuri 34 masu cikakkiyar shaida, hira da masunta 18, da hoton cin ayu. Ya ce hoton alama ce, ba hujja ba, don haka in rubuta shi a matsayin alama. Na roƙe shi ya bar ni in ƙara babi a kan bashin raga da kuma ikon Sarkin Ruwa, ya yi jim ya ce wannan ya fi kama da aikin sashen nazarin zamantakewa, amma ya amince da shafi shida idan na kafa kowace magana a kan hirar da na yi.

Abin da ya rage shi ne in koma Yelwa a farkon Maris in yi awon mako biyu lokacin da ruwa ya fara ja, in sake fita neman ayu sau ɗaya idan na samu wanda za mu raba kuɗin mai da shi, sannan in nemi izinin zuwa tsibiran Foge, waɗanda aka sa cikin jerin Ramsar na wurare masu dausayi da ke da muhimmanci a duniya a 2008, domin ƙidayar tsuntsayen da ke zuwa daga Turai kafin su juya. Sarkin Ruwa ya aiko cewa yana son in karanta wa masunta sakamakon da Hausa kafin in miƙa shi ga makaranta, kuma akwai wani lungu da karfasa ke haihuwa wanda dattawa ke shawarar hana shiga daga Yuni zuwa Agusta. Ya nemi in auna masa kifin wurin kafin a rufe da kuma bayan an buɗe. Zan buƙaci sabon sikeli mai batir da jakar roba da zan riƙa sa shi a ciki, kimanin 16,000.